Ginshiƙan Haida na Kanada: gumaka ne, kuma don me suke bari ruwa ya cinye su?

Kafintan_Balad (Jidda)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, ina da tambaya mai sani ya taimaka don Allah. Ni kafinta ne, najjar yani, kuma yawancin shugul ɗina cikin Balad ne, tsohon garin Jidda, gyaran roshan, tagogin katako na tsofaffin gidajen nan, duk wanda ya taɓa bi ta wajen Baitu Nasif ya san irin tagogin da nake nufi. To yarona ne ya turo min wani bidiyo a jawwal, wai wasu mutane ne a Kanada ana ce musu Haida, suna ɗaukar bishiya guda sukutum su sassaƙe ta daga gindi har kai, fuska kan fuska, tsuntsu da dabba da mutum, tsayinta ya fi gida mai hawa uku, sai su kafa ta a bakin teku. Aikin hannun kam wlh ba magana, na tsayar da bidiyon na yi ta zuƙowa ina neman inda layi ya karkace ban samu ba.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne can gaba sai aka nuna wani tsohon gari ba kowa, ginshiƙan duk sun yi toka-toka, gansakuka ta rufe su, wani har ƙaramar bishiya ta tsiro a kansa, kuma wai da saninsu suka bar su haka. Mu a nan tunda aka sa Balad a jerin UNESCO a 2014 tsohuwar ƙusa in za ka zare sai muhandis ya zo ya duba ya rubuta, riyal ake zubawa don kar katako ɗaya ya salwanta, su kuma suna tsaye suna kallon aikin kakanninsu yana ruɓewa. Shin bauta musu suke yi ne shi ya sa ba a taɓawa, ko kuɗin gyaran ne babu, kuma wane irin itace ne wannan da zai tsaya cikin ruwan sama shekara da shekaru?

Ummu_Hanan (Riyad)

Wa alaikumus salam Baba, sannu da aiki, Allah ya ƙara wa hannu albarka. Na yi karatu a birnin Bankuba na Kanada kuma jami'ar can tana da gidan tarihi cike da irin waɗannan ginshiƙan shi ya sa na ce bari in sa baki.

Haida mutanen wasu tsibirai ne a tekun Fasifik, yamma da Kanada, cikin lardin British Columbia. Sunan tsibiran Haida Gwaii, da can turawa sun laƙaba musu Queen Charlotte sai a 2010 aka cire wannan a hukumance, kuma akwai danginsu a kudancin Alaska. Ba su kaɗai ke wannan sassaƙar ba, maƙwabtansu irin su Tlingit da Tsimshian da Nisga'a duk suna yi kowa da salonsa, amma na Haida za ka gane shi da manyan fuskoki masu cika faɗin gungumen, wannan ya shige cikin wancan, ƙafar ɗaya a kunnen ɗaya.

Maganar bauta kuwa a'a Baba, ba a musu sujada, ba a musu yanka, ba wanda ke zuwa ya roƙe su ruwa ko haihuwa. 'Yan mishan da suka fara zama a Masset a 1876 ne suka ɗauke su a matsayin kayan arna suka yi ta hana mutane. Abin ya fi kama da tsagar fuska ta gado irin tamu ta da, da ka ga mutum ka san gidansu kafin ya buɗe baki. Duk Bahaide ko dai ɓangaren Hankaka yake ko ɓangaren Mikiya, kuma ta wajen uwa ake gadon wannan ba ta wajen uba ba, a al'ada kuma Hankaka ba ya auren Hankaka sai Mikiya. Kowace zuriya tana da alamominta da take da haƙƙin amfani da su, beyar, kwaɗo, babban kifin nan mai baƙi da fari da ake kira orka, wata, da sauransu, kowace alama da labarin yadda kakanninsu suka same ta, in ka sassaƙa alamar da ba ta gidanku ba rigima ce babba.

Kuma ba iri ɗaya ba ne dukansu. Akwai wanda ake jinginawa a goshin gida, wani lokaci ma a huda gindinsa ya zama shi ne ƙofar shiga, sau da yawa za ka ga wasu ƴan mutane uku masu dogayen huluna a can ƙololuwarsa suna kallon teku, masu gadi ke nan. Akwai na tunawa da shugaban da ya rasu, wanda magajinsa ke kafawa kafin ya hau kujerar. Sai kuma na gawa, kuma su ne nake jin ka gani a bidiyon, don a wannan tsohon garin su suka fi yawa. Sunan garin Sgang Gwaay, turawa kan ce Ninstints, yana can ƙarshen kudu, UNESCO ta sa shi a jerinta tun 1981. Irin wannan ginshiƙin ana kafa shi ne a kife, gindin bishiyar mai faɗi shi ne a sama, a rarake shi a sa akwatin da ke ɗauke da gawar babban mutum, a rufe da faffaɗan allo mai alamar gidansu. To ka ga wannan kabari ne, kuma a fahimtarsu shi da wanda ke cikinsa tare za su koma ƙasa, in ya faɗi ba a ɗaga shi, sai dai zuriyar ta tara dukiya ta sa a sassaƙa sabo ta yi taro. Don haka ba rashin kuɗi ba ne.

Taron nan shi ne zuciyar abin gsky, ana ce masa potlach. Mai gida zai gayyato ɗaya ɓangaren, ya ciyar da su kwana da kwanaki, a faɗi labarin kowace alama a bainar jama'a, sannan ya raba musu kyauta, barguna da sauran kaya, karɓar kyautar nan ita ce shaida cewa sun ji sun gani sun yarda. Mutane ne da ba su da rubutu a lokacin, wannan shi ne rajistarsu ta gado da sarauta da filayen kamun kifi. Ginshiƙin da aka kafa ba tare da wannan taron ba a wajensu itace ne kawai ko da kyansa ya kai ina.

Malam_na_Misfala (Makka)

Madalla 'yata, Allah ya yi albarka, kin yi bayani mai gamsarwa. Sai dai ina so in ja hankalin matasan da ke karantawa kar wani ya ji an ce ba bauta ba ce ya ce to shike nan. Gumakan mutanen Annabi Nuhu alaihis salam da Allah ya ambata a suratu Nuh, Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, ai Ibnu Abbas ya ce sunayen mutanen kirki ne, da suka mutu aka kafa musu alamomi a majalisunsu don tunawa, ba a bauta musu ba sai da wannan tsarar ta shuɗe ilimi ya ɓace, yana nan cikin Bukhari. Saboda haka musulmi ba ya sassaƙa mai rai ya kafa ko da sunan tunawa ne, Alhaji kafinta kai ka fi ni sani ai roshan ɗinku ganye ne da fure da zanen lissafi.

Wannan hukuncinmu ne a kanmu. Amma sanin yadda wasu al'ummai suka rayu ba laifi ba ne, an ma umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, kuma in an zalunce su zalunci sunansa ko su waye. Ni abin da ma ya ja hankalina shi ne wannan barin da suke yi kabari ya koma ƙasa, wanda ya shiga Ma'alla ko Baƙi'a ya san mu ma ba gini muke yi a kan mamaci ba.

Ɗan_Mai_Wurno (Madina)

Allah gafarta Malam mun ji. Amma ni Yaya Ummu Hanan ki yi haƙuri wannan magana ta a bar abu ya koma ƙasa ban yarda da ita ba ko kaɗan, wanda bai rasa ba shi ke faɗin haka. Ni a Mai Wurno aka haife ni bakin Nilu shuɗi, na yi karatu Khartum, na je Sawakin na ga abin da barin abu yake yi, gari guda na dutsen murjani mai roshan irin na Baba kafinta sak, tunda aka gina Bur Sudan a farkon ƙarnin da ya wuce aka kwashe tashar jiragen aka bar shi, yau tarin duwatsu ne galibinsa, ba wanda ya rushe shi da igwa, barinsa kawai aka yi.

Kuma bari in faɗi wata magana mai ɗaci wadda ni kaina ba na son jin ta a bakina. A 1834 wani Ba'italiye Ferlini ya je Marawi ta Bajrawiyya ya farfasa kawunan dalar sarakunan Kush yana neman zinare, ya kwashe kayan adon sarauniya Amanishakheto, ɓarawo ne ba ja, amma kayan yau suna Munik da Balin lafiyarsu ƙalau kowa na iya zuwa ya gani. Mat'haf ɗinmu, gidan tarihi na ƙasa yani, a Khartum kuwa, wanda ni da idona na ga haikalin Buhen da Samna da Kumma a farfajiyarsa, waɗanda aka kwance dutse-dutse aka kawo a shekarun 1960 don kar ruwan dam ɗin Aswan ya haɗiye su, wannan mat'haf ɗin an wawashe shi a yaƙin nan da ya fara Afrilun 2023. To ki faɗa min, ginshiƙin Haida da ke cikin British Museum a Landan tun farkon ƙarni na 20, mita 12 ko kusa, da an bar shi a ƙauyensu yau ina yake? Taki ya zama. Jikokinsu ko hotonsa ba za su gani ba. Ni dai a ajiye, ko a ina ne a ajiye, rigimar wa ke da shi a yi ta daga baya, abin da ya ruɓe ba a shari'a a kansa.

Ummu_Hanan (Riyad)

Ƙanena Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya mayar da ku gida cikin aminci, wlh maganarka tana da nauyi kuma rabinta su kansu masassaƙan Haida ba sa musunta. Robert Davidson, ɗaya daga cikin manyansu na yau, ya taso a Old Massett babu ginshiƙi ko ɗaya a tsaye a garin, sai da ya je Bankuba karatun sakandare a 1965 ya shiga gidan tarihi sannan ya ga irin aikin da kakanninsa suka yi, alhali shi tattaɓa-kunnen Charles Edenshaw ne, gwanin gwanaye da ya rasu 1920. Bill Reid, wani babban masassaƙinsu, shi ma haka, daga kayan gidajen tarihi da littattafai ya koyi ƙa'idar zanen. Wannan ba a ja.

Amma ka duba yadda aka yi garin ya zama ba ginshiƙi tun farko. A 1862 cutar agana ta taso daga birnin Biktoriya ta bi gaɓar teku ta share ƙauyuka, mutanen da ake ƙirga su da dubbai masu yawa zuwa 1915 ba su kai 600 ba, waɗanda suka tsira suka tattara a garuruwa biyu, Skidegate da Masset, sauran garuruwan suka zama kufai, har da Sgang Gwaay ɗin. Ana cikin wannan sai gwamnatin Kanada ta yi doka a 1884 ta haramta potlach, mai yi ɗauri ne, ba a cire haramcin ba sai 1951. Na ce maka ginshiƙi ba ya tsayuwa sai da potlach, to an hana taron, an kwashe yara zuwa makarantun kwana na mishan inda ake dukansu in sun yi yarensu, sannan masu tara kayan tarihi suka biyo baya da zarto da kuɗi a hannu. Wasu an saya, eh, daga mutanen da suka gama binne rabin danginsu, wasu kuma an tarar da ƙauye ba kowa aka sare aka loda a jirgi. Na Landan ɗin da ka ambata daga ƙauyen Kayang yake kusa da Masset, akwai wani kuma a Pitt Rivers na Oksfod ya haura mita 11 tun 1901 yake can. Hannun da ya ajiye ba shi da nisa da hannun da ya hana a yi sabo, shi ne abin da ba ya shiga lissafinka.

Kuma fa ba ginshiƙai kaɗai aka kwasa ba, har da ƙasusuwan mutanen da ke ciki. Da Haida suka fara neman kayansu a shekarun 1990 ba itacen suka fara tambaya ba, kakanninsu suka ce a ba su, sun bi gidajen tarihi ɗaya bayan ɗaya sun dawo da sama da 500, a 2003 kaɗai sun je Field Museum na Shikago sun ɗauko fiye da 100, ƴan makaranta ke ɗinka ƙananan barguna a naɗe su masassaƙa su yi akwatuna a sake binne su.

Sannan kar a ɗauka ko'ina barin ake yi. A 1957 an je Sgang Gwaay da izinin majalisar Skidegate, Bill Reid na cikin tawagar, aka yanko wasu daga cikin mafi kyawu aka kai Biktoriya da Bankuba. Waɗanda suka rage kuma suna da masu kula, Haida na da tsarin masu gadi da ke zama a tsofaffin ƙauyuka biyar duk bazara, ba a barin baƙi su wuce 12 a lokaci ɗaya, suna cire tsiron da ke fasa itacen, a 1995 ma sun miƙar da waɗanda suka karkace. Abin da ba sa yi shi ne su sake musu fenti ko su cike su da siminti, jinkirta tafiyar suke yi kawai. A Skidegate kuma suna da nasu gidan tarihin mai rufi inda tsofaffin ginshiƙai suke a ciki, a gabansa ga sababbi 6 da aka kafa a 2001. Yani su ke zaɓa, wannan a ajiye, wannan a bar shi. Wani misali daga maƙwabtansu Haisla, an ɗauke musu ginshiƙi a 1929 aka kai Suwidin, suka yi shekaru suna nema har aka dawo da shi 2006, su kuma suka sassaƙa wa Suwidin ɗin wani madadinsa, bayan ƴan shekaru suka kai tsohon maƙabarta suka kwantar da shi cikin daji. Na san wannan zai ƙona maka rai amma masu abu ne suka yanke.

Abin da suka tsaya kai da fata a kansa bishiyar ce da hannun da zai sassaƙa ta. A 1969 Davidson yana ɗan shekara 22 ya sassaƙa ginshiƙi aka kafa a Old Massett, na farko cikin kusan shekara 90, sai da aka zauna da tsofaffi suna tuno waƙoƙin da yadda ake ɗaga shi don ba wanda ya taɓa gani da idonsa a matasa. A 1985 kuma suka tare hanyar kamfanin sare daji a tsibirin Lyell, dattawa a gaba sanye da bargunansu na gado, aka kama mutum 72, daga nan aka kai ga yarjejeniyar 1993 da ta sa su da gwamnati ke kula da kudancin tsibiran tare. A wannan tsibirin dai a Agustan 2013 aka kafa sabon ginshiƙi mai ƙafa 42 da Jaalen Edenshaw ya jagoranci sassaƙawa, ɗaruruwan mutane da igiya, kuma a jikinsa har da mutum biyar tsaye kafaɗa da kafaɗa don tunawa da masu tare hanyar.

Ɗan_Mai_Wurno (Madina)

Amin Yaya na gode. Na ji, kuma maganar ƙasusuwan nan ta taɓa ni. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da na Suwidin ɗin, abu ya yi shekara sama da 70 a ɗaki lafiya lau a dawo da shi a ba wa ruwa, ni ko ni ne mai shi hannuna ba zai iya ba. Su suna da Kanada a bayansu, daji na nan, zaman lafiya na nan, gobe in sun so su sassaƙa goma. Mu masu ginin Sawakin sun tafi da sana'arsu.

Kafintan_Balad (Jidda)

Masha Allah, na zo da tambaya ɗaya na samu darasi, Allah ya saka. Malam na ji gargaɗi, ni ko tsuntsu ban taɓa fitarwa a katako ba kuma ba yanzu zan fara ba. Ɗana na Mai Wurno maganarka ta ƙarshe ita ce ta fi damuna don a warsharmu ma masu iya haɗa roshan ba ƙusa ba gam sun ƙare sai ɗai-ɗai, yaran duk injin suke so. Amma har yanzu ba a faɗa min itacen ba, da kuma yadda gungume mai wannan kauri ba ya tsagewa, mu guntun katakon tik in bai bushe da kyau ba sai ka ji ƙas cikin dare.

Abu_Fahad_Yanbu (Yanbu)

Baba bari in karɓi wannan don aikina kenan, kare ƙarfe da katako daga tsatsa da ruɓa a bakin teku. Itacen jan sida ne na yammacin Amurka ta arewa, bishiya ce da ke yin ɗaruruwan shekaru, wadda Jim Hart ya sassaƙa aka kafa a jami'ar Bankuba a 2017 an ƙiyasta shekararta 800. Ba ta da nauyi, tana da laushi a ƙarƙashin gizago, zarenta a miƙe yake, kuma cikinta akwai wani sinadari na halitta da ke kashe fumfuna, shi ya sa take jurewa. Amma juriya ce ba dawwama ba, yawanci shekara 60 zuwa 80 ginshiƙi ke yi a waje, wanda ya kai 100 ya yi ƙoƙari. Ka tuna yammacin tsibiran nan akwai inda ruwan sama ke kai milimita 4,000 a shekara, Jidda kuwa yawancin shekaru ko 100 ba ta samu, ku gishiri da ruɗuba, laimar iska yani, da gara ke damunku, su ruwa ne ba dare ba rana.

Maganar tsagewa, tsagewa yana yi Baba, sai dai suna da dabara, musamman na goshin gida sukan rarake bayansa ya zama kamar rabin bututu, zuciyar itacen ta fita, nauyi ya ragu, ciki da waje su bushe tare, to tsagar ba ta yin muni. A kwance ake aikin, a ɓare ɓawo a cire farin itacen waje mai saurin ruɓa, a ja layi a tsakiya daga sama har ƙasa, babban masassaƙi ya yi ɓari ɗaya almajirai su kwafa a ɗaya ɓarin. Gizago iri-iri ne, babba na sara, ƙarami na gyara fuska wanda ke barin ƴan tabo jere reras, da wuƙaƙe masu lanƙwasa na shiga lungu. Da can bakinsu dutse ne da ƙashi da ɓawon kifin teku, da jiragen turawa suka fara zuwa daga 1774 ana musayar fatun dabbar ruwa da ƙarfe sai kayan aiki suka yawaita, dukiya ma ta yawaita, shi ya sa manyan ginshiƙan da aka sani galibi na ƙarni na 19 ne. Yau da injin zarto suke fara rage shi sannan su koma gizago. Fenti kuma kaɗan ne, baƙi daga gawayi ko dutse, ja daga jar ƙasa, wani shuɗi-kore daga ma'adini, a kwaɓa da ƙwan kifin salmon don ya kama. Wajen ɗagawa a haƙa rami mai gangara a zura gindin, a kafa katakai a gicciye a ja da igiya wasu na tokarewa ta baya.

In ana son ya daɗe a waje, inda ke fara mutuwa shi ne daidai inda ya haɗu da ƙasa, sai kuma kansa inda ruwa ke kwanciya. Don haka a wuraren shaƙatawa irin na Sitka a Alaska da Biktoriya sukan ɗaure shi a jikin turken ƙarfe ko wani katakon gindinsa bai taɓa ƙasa ba, a sa masa hular ƙarfe a ka, a wanke gansakuka, a shayar da shi maganin boret mai kashe fumfuna da ƙwari, da yawa ma tsohon yana ciki kwafinsa ne a waje. Babban kuskure shi ne a lafta masa fenti mai kauri ko banish, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, waje na ƙyalli ciki ya zama gari, na tabbata ka sha ganin wannan a roshan ɗin da wani ya yi wa gyaran ganin ido. A cikin ɗaki kuma laima ake tsarewa wajen kashi 50 kar ta yi ta hawa da sauka, in ka ɗauko irin wannan ka dire shi Riyad ba shiri sai ya dare.

Wani abu da zai burge ka, akwatin gawar da Ummu Hanan ta ambata da na ajiyar abincinsu, ɓangarorinsa huɗu daga allo ɗaya ne. A yi masa tsaga uku a ciki ba a ratsa ba, a turara shi da tururi har ya yi laushi, a naɗe shi, kusurwa ɗaya tak ake ɗinkewa ko a sa mata turakun itace, kuma yana riƙe ruwa har girki suke yi a ciki da duwatsu masu zafi.

Kafintan_Balad (Jidda)

Kai, wannan akwatin kam ba rai a jikinsa Malam ba zai hana ni ba, sai na gwada. Akwai ragowar tik a warsha, zai yi?

Abu_Fahad_Yanbu (Yanbu)

Tik taurin kai gare shi Baba ga mai, zai iya karye maka a kusurwa. Nemi katakon zan mai miƙaƙƙen zare wanda ba ƙulli, shi ya fi jin tururi a katakon da ake samu a kasuwarmu, ka bar abin da bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba a ƙasan tsagar, ka fara da guntaye tukuna kafin ka saka allon kirki, kuma ka naɗe shi da zafinsa kar ka tsaya amsa jawwal.